Dankalin Anselmo

Tattasai na takwas ne a kan wuta, fatarsa tana baƙi tana fashewa, lokacin da aka buga ƙararrawar coci ta biyu. Doña Otilia ko kai ba ta ɗaga ba. Ita kanta ba za ta iya tuna ranar da ta rasa addu'ar safiyar Lahadi ba, amma yau ta ce Allah ya san uzurinta. Ta juya tattasan da yatsunta, hayaƙi ya shige mata ido, ta goge da bayan hannu ta ci gaba. Dankali tun da sassafe ta fere shi ta yanka dogo-dogo, albasa na jira a faranti, ga farin cuku mai yauƙi da ta sa aka kawo mata takanas daga ƙauye.

Jikarta ce za ta zo. Maritza, 'yar Anselmo, shekararta goma sha bakwai, kuma ba su taɓa haɗa ido ba in ba a waya ba.

Duk layinmu ba wanda bai san labarin Anselmo ba. Yana da shekara goma sha tara ya ce shi tsallaka iyaka zai yi ya shiga Texas, uwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ya haye kogin iyakar nan kada ya sake kiranta Mama. Ya haye. Shekara biyar ba ta ji muryarsa ba. Daga baya ya fara kira jefi-jefi, gaisuwa ce kawai da tambayar ciwon gwiwa, ba wanda ya taɓa tayar da maganar bakin ƙofa. Ba shi da takardu, in ya zo ba zai iya komawa ba, don haka bai zo ba, shekara ashirin da uku. A watan Maris ya faɗo daga rufin wani gida da suke aikinsa a Odessa, wani gari a Texas. A can aka binne shi. Ita ba ta da biza, a wayar maƙwabciya ta kalli jana'izar ɗanta, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Mako uku da suka wuce matarsa Griselda ta kira ta ce za ta kawo yarinyar nan garinmu Acuña ranar Lahadi. "In wurin ya yi mata, sai ta zauna miki mako guda. In bai yi mata ba, tare za mu juyo. Ni dai ba zan matsa mata ba, Doña." Sannan aka miƙa wa yarinyar wayar, ta dinga lallaɓo kalmomi ɗaya bayan ɗaya, don Sifaniyancinta bai wuce na gaisuwa da yawa ba.

"Kaka, ki yi mini abincin Baba. Dankali, cuku, da cili. Ya ce ke kika koya masa."

Otilia ta kashe wayar ta zauna ta yi kuka mai isarta. Ai ta san abincin. Soyayyen dankali ne da gasasshen koren tattasai da albasa, a rufe da farin cuku har ya narke, abin da take yi wa Anselmo duk Asabar in ya dawo daga ƙwallo. Ashe bai manta ba. Tun ranar take shiri. Ta sa an yi wa ɗakinsa fenti, ta sayi sabon zanen gado, ta aro fanka. Mako guda take so da yarinyar nan, shi ke nan abin da take roƙon Allah.

Ta gama haɗa komai wajen sha ɗaya, ta rufe tukunya, sai ga Yadira ta shigo ba sallama, tabarau a saman kai.

"Doña Oti, me kike ƙonawa ne haka? Duk layi atishawa muke yi."

Yadira ita ce maƙwabciyar mai waya. Ta yi shekara shida a Lubbock ta Texas tana suya a wata rumfar abinci ta filin wasa, kuma kowa ya san a farar motar hukuma aka dawo da ita har bakin gadar iyaka, amma in kun ji tana ba da labari sai ku rantse don kanta ta gaji ta dawo. Ba ta iya magana uku ba ta ce "a can" ba. Ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Bakin ne dai ba ya hutawa.

Ta ɗaga murfin tukunya, ta leƙa, ta dubi tsohuwa. "Wannan fa?"

"Abin da yarinyar ta ce a yi mata."

"Me ta ce daidai? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"Dankali da cuku da cile."

"Cile ta ce, ko cili?"

"Ke kam! Meye bambancin? Bakinta ne bai faɗa ba, ai ba a nan aka haife ta ba."

Yadira ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni, Doña Oti! Allah ne ya kawo ni. Cile namu ne, tattasai da barkono. Cili kuwa a can miya ce, miyar niƙaƙƙen nama da wake da tumatir, ja wur, mai kauri. A zuba ta a kan soyayyen dankali, a kwarara cuku ruwan ɗorawa a kai. Shi ne abincin yaran can. Ni da hannuna na zuba fiye da faranti dubu. Ki tambaye ni, kada ki tambayi kowa."

"Amma ta ce ni na koya masa."

"Haka iyaye maza suke yi wa 'ya'yansu, komai suka dafa sai su ce na kakarki ne, don a ci a ƙyale su. Haba Doña, shekara ashirin da uku, kina zaton yana can yana gasa tattasai da yatsu? A can gidaje da yawa ko harshen wuta babu, lantarki ne. Mutum in ya shekara biyu ma bakinsa ya juye. Ni da na dawo wata uku ban iya cin abincin uwata ba."

Otilia ta mayar da murfin tukunya. Da Yadira ta ce abincin bai yi gishiri ba, da ta kore ta da tsintsiya. Amma ta taɓo inda yake ciwo. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana kwana tana tashi da tsoron cewa ɗanta ya shafe ta, kuma ita ta jawo da bakinta. Mako uku kawai ta yi tana jin ba haka ba ne. Yanzu kuma ga wadda ta je ta gani da idonta tana cewa kunnenta ne ya yi mata ƙarya.

"Yarinyar nan ko lasar wannan ta yi sai hawaye," Yadira ta ci gaba. "Ga kore-kore, ga baƙi-baƙin ƙuna. Za ta yi miki kara ta ci loma ɗaya, ta faɗa wa uwarta da Turanci su tafi. So kike ta zauna ko ba kya so?"

"Ina so," Otilia ta ce a hankali.

"To ɗauko jakarki. Amma a fara kawar da wannan, kada ta gani ta ce kakarta ba ta san komai ba."

Daidai nan Don Ramiro mai gareji ya iso da kujerun roba takwas da ya yi alkawari, ya ɗora su a ka. Yadira ta cusa masa tukunyar a hannu ta ce ya kai wa yaransa, tunda ko Lahadi ba ya barinsu su huta. Ya shinshina, ya dubi Otilia. "Da gaske, Doña? Duka?" Ta ɗaga masa kai ba ta dube shi ba. Ya fita da sauri kafin a canza shawara.

A motar Yadira suka je babban kanti. Otilia tana biye da ita da keken kaya, ita kuwa tana gaba tana zaro abubuwa ba ta ko duba su. Dankali yankakke a leda, daskararre, leda huɗu. Niƙaƙƙen nama. Wake na gwangwani, tumatir na gwangwani, wani garin ƙamshi a 'yar takarda mai hoton hular makiyaya. Cuku kuma a wani ƙaton gwangwani, wanda Otilia ta juya ta sake juyawa ta ce, "Wannan nonon wace dabba ce?"

"Na saniyar gwamnati," in ji Yadira. "Saka kawai."

Da suka dawo, kicin ɗin ya tashi daga hannun mai shi. Yadira ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, ta kunna wuta uku a lokaci guda, ta hau ba da umarni. A soya nama da albasa har ruwansa ya ƙone. A zuba garin nan duka, kada a rage. Tumatir, sannan wake, a rage wuta. Mai ya yi zafi sosai kafin a zuba dankali, kuma kaɗan-kaɗan, in aka cika kasko sai ya yi laushi. A kan wannan dai ta iya aikinta, ba a ƙwace mata ba. Tana tsamewa da matsami, tana barbaɗa gishiri tun yana zafi, tana watsawa a manyan tire na alminiyam. Otilia, macen da ta yi girkin bikin rabin 'yan layinmu, ita ce mai buɗe gwangwani da wuƙa da goge man da ya fantsama.

Da aka ɗora cukun a wuta bai narke ba, don dama a narke yake, zafi kawai ya ɗauka ya fara ƙyalli. Otilia ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana. Gishiri ne da wani abu da ba ta san sunansa ba. Ta yi ƙoƙarin ta hango Anselmo tsaye a wani kicin da ba ta taɓa gani ba, yana kwarara wannan abu wa 'yarsa yana cewa na Mama ne. Ta kasa, kuma kasawar ta ƙara mata baƙin ciki, don ta ga ashe ba ta san mutumin da ya mutu ba.

"Ba a haɗawa sai sun iso," Yadira ta ce. "In aka zuba miya da wuri dankalin ya zama fate."

Ɗan zama ne Otilia ta ce za a yi, mutum biyar ko shida, don yarinyar ta ga ubanta yana da mutane. Amma layinmu bai san ɗan zama ba. Kafin ƙarfe ɗaya tsakar gida ta cika. An ɗaura tamfol daga bango zuwa bishiyar lemo, an cika baho da ƙanƙara da giya da lemon kwalba, wani ya kawo rediyo. Don Ramiro ya dawo ya wanke hannu ya sa farar riga. Zafin watan Yuli kuwa ba a magana, fanka iska mai zafi kawai take juyawa.

Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Dankalin farko ya huce ya yi tauri, Yadira ta mayar da shi mai tana tsaki. Otilia ta fita bakin titi sau biyar. Sai biyu da rabi wata mota mai lambar Texas ta shigo layin a hankali tana kauce wa ramuka.

Griselda ce ta fara fitowa, gajeriya, da alamar gajiya a fuska. Ta rungumi surukarta sama-sama ta ce, "Doña, ki yi haƙuri, hanya ce. Kuma ni ƙarfe huɗu zan juya, layin gada ranar Lahadi ba kyau, gobe ina da aiki." Sannan yarinyar ta fito. Doguwa ce, siririya, da goshin Anselmo sak da yadda yake rage ido in rana ta dame shi. Otilia ta shirya maganganu tun mako uku, ko ɗaya ba ta fito ba. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana cewa, "'Yata, 'yata." Maritza ta tsaya ƙiƙam ta bari a riƙe ta. Jakarta tana kujerar baya, ba wanda ya ce a fito da ita.

Da suka shiga, mutum ashirin suka taso mata a lokaci guda. Wannan ya ce shi ya koya wa ubanta keke, waccan ta ce ita ce budurwarsa ta farko, aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ja mata kumatu. Maritza tana murmushi tana cewa na gode, na gode, idonta yana neman uwarta. Gumi ya jiƙa mata riga. Wallahi mun tsorata yarinyar nan da ƙaunarmu, kuma ba wanda ya lura sai daga baya.

Yadira ta fito da tire a sama tana rangaɗa Turanci. Ta zuba jan miya a kan dankali a gaban kowa, ta kwarara cukun daga sama har yana zuba gefe, ta watsa yankakken barkono mai tsami. Mutane suka tafa. Otilia da kanta ta ɗebi faranti ta ajiye a gaban jikarta.

"Ga shi, 'yata. Abincin babanki."

Maritza ta dubi farantin. Ta daɗe tana dubansa. Ta zari dankali ɗaya ta ci, ta zari na biyu ta riƙe a hannu. Sai ta juya ta yi wa uwarta magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

"Me ta ce?" Otilia ta tambaya.

Griselda ta ce, "Ba komai, Doña. Ta ce ya yi daɗi."

"Ban ce ba," yarinyar ta faɗa da Sifaniyancinta mai tuntuɓe. Idonta ya kawo ruwa. "Kaka, wannan na gidan mai ne. Ko'ina ana sayarwa. Ba shi ba ne."

Maritza ta ajiye dankalin da ke hannunta.

"Na Baba kore ne. Yana sa shi a kan wuta, haka," ta juya yatsunta a iska, "har ya yi baƙi. Gidan duk hayaƙi, Mama tana faɗa. Cuku fari. Ba nama."

Griselda ta sauke ajiyar zuciya. "Tana ƙarama ba ta cin komai sai irin na makaranta. Shi ne Anselmo ya laƙaba wa abincinki sunan na can don ta yarda ta ci. Duk Asabar sai ya yi. Har ɗan murhun gas ya saya ya ajiye a waje, ta bayan kicin, don wannan tattasan kawai. Ni ban taɓa koya ba, ba ya bari kowa ya taɓa. Tun da ya rasu take nemansa."

"Duk Asabar?" in ji Otilia.

"Duk Asabar, Doña."

Tsohuwa ta lalubi kujera ta zauna. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata a ƙirji, ta rasa wanda za ta fara ji. Don Ramiro kuwa, Allah ya shirye shi, bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba. Ya buga cinya ya ce, "Kai! Ai shi ne wanda muka cinye ɗazu a gareji! Kore da farin cuku! Har ƙanzon muka kankare da tortiya, gurasar masara, Doña, tukunyar ma ko wanki ba ta buƙata."

Ba wanda ya dubi Yadira, kuma hakan ya fi a dube ta ciwo. Ta sauke tabaranta daga ka ta rufe ido da shi.

Otilia ta miƙe. "Zan sake yi. Yanzun nan. Minti arba'in ne." Ta shiga kicin ta hau buɗe kwanduna, alhali ta san takwas ta saya kuma takwas ta gasa. Mata uku suka ruga gidajensu suka dawo hannu wofi, ɗaya ta kawo barkono ƙanana da ba su da amfani a nan. Mai shagon kwana ya rufe ya tafi ƙauye. Farin cukun ma duka ta juye a tukunyar safe. Don Ramiro ya ce zai je babban kanti a babur, Griselda ta duba agogo ta ce uku da kwata, kafin ya je ya dawo a gasa a soya biyar ta yi, ita kuma ba za ta iya ba.

"To ki bar mini ita," Otilia ta ce. "Gobe da safe in yi mata. Ɗaki yana nan na gyara, da fanka da komai."

Griselda ta juya ta fassara. Maritza ta dubi tsakar gidan, ta dubi fuskoki ashirin da suka zuba mata ido suna jiran amsa, ta dubi tamfol da ƙudaje a kan tire. Ta sunkuyar da kai ta yi magana a hankali.

"Ta ce wani lokaci," in ji Griselda. "Amma ta ce ko za ki nuna mata yadda ake yi, ta ɗauka a waya."

Yadira ta faki ido ta jawo Otilia bayan ƙofar kicin. Fuskarta duk ta jiƙe a ƙarƙashin tabarau. "Doña Oti, na cuce ki, na sani, ki zage ni daga baya. Amma ki ji wannan. Kada ki ba ta duka. Ki rage wani abu. In ta gwada bai yi ba, dole ta dawo."

Otilia ta kira yarinyar suka shiga, Griselda ta tsaya a bakin ƙofa tana fassara abin da ya gagara. Kicin ɗin duk maiƙo da gwangwanaye. Tsohuwa ta share gefe ɗaya, ta ɗauki albasa ta ce a ɗauka wannan ne tattasan. Maritza ta ɗaga waya.

Otilia ta fara da yadda ake zaɓen tattasai a kasuwa, mai duhun kore, mai nauyi, wanda ba shi da lanƙwasa da yawa don wuta ta same shi ko'ina. Ta ɗora albasar a kan murhun da ba wuta, tana juyawa da yatsu. Ta nuna kaurin dankali da ɗan yatsanta. Ta ce albasa sai ta yi laushi ba ta yi ja ba, cuku kuma a kashe wuta kafin a zuba, a rufe, zafin tukunya ya ishe shi. Yarinyar ta matso kusa har kafaɗunsu suna gogar juna, karo na farko tun da ta zo.

Da aka zo wajen ɓare fatar da ta ƙone, Otilia ta tsaya. A nan asirin yake, kuma ta san shi. Ta hango Yadira ta taga tana girgiza mata kai. Otilia ta ce, "Sai a ɓare, a cire 'ya'yan, a yanka." Ta wuce wurin da sauri, tana jin kunyar kanta.

"Ba a wankewa," Maritza ta ce.

"Na'am?"

"Ba a sa ruwa. In an wanke, hayaƙin ya tafi. Da hannu kawai." Ta yi ɗan murmushi, hawaye yana bin kumatunta. "In na kai famfo, Baba yana dukan hannuna. A nan."

Ta nuna bayan hannunta. Otilia ta dubi wurin. Nan ne daidai inda ita ma take ɗalle Anselmo, yana ɗan shekara tara, yana tsaye a kan akwatin lemo don ya kai bakin famfon nan da ke gabansu.

"Haka ne," ta ce. "Ba a wankewa. Mantawa na yi." Daga nan ba ta sake rage komai ba. Ta faɗi na gishiri, ta faɗi na tafarnuwa guda ɗaya da ake dakawa a jefa a mai a cire, ta faɗi sunan cukun da wanda za a iya sa a madadinsa in ba a samu ba a can. Ta ma sa yarinyar ta maimaita mata tun daga farko, ta gyara mata wuri biyu.

Ƙarfe huɗu saura biyar Griselda ta tada mota. Mutane suka biyo su bakin titi, wasu da faranti a hannu, don abincin Yadira dai an ci shi, yara har da neman ƙari. Maritza ta rungumi kakarta, wannan karon da gaske, ta daɗe ba ta sake ta ba. Otilia ta ji ƙarfin gwiwa ya ɗan dawo mata.

"Kirsimeti fa, 'yata? Lokacin ba zafi. Ba zan kira kowa ba, daga ni sai ke. In yi miki da hannuna ki ci."

Yarinyar ta shiga ta zauna, ta ɗago wayar tana nuna mata, fuskarta a sake, da zuciya ɗaya. Ta nemo kalmomin a hankali don kada ta yi kuskure.

"Kada ki damu, Kaka. Ba sai kin wahala ba. Yanzu ina da shi duka a nan."

Otilia ta dubi wayar, ta dubi goshin yarinyar.

"To madalla," ta ce. "Janye ƙafarki."

Ta tura mata ƙofar motar a hankali har ta ji ta kama.